Ba Mu Gaji Roƙo Ba

Malam Ɗanlarai, kafintan nan na Ƙofar Dumi, mutum ne da idan gari ya waye bai sami abin damuwa ba, sai ya zauna yana damuwa da rashinsa. Matarsa A'i takan ce ko Aljanna aka saka shi, sai ya ɗaga kai ya duba ko rufin na yoyo.

Amma a bana yana da dalili na gaske. An zo neman auren 'yarsa Maimuna. Yaron dai malamin asibiti ne, ɗan wasu Fulani masu shanu da gonaki a Tirwun, yarinya na so, yaro na so. Abu ɗaya ya rage. Baffan yaron, Alhaji Hammawa, ya ce ba za a sa rana ba sai ya zo da ƙafarsa ya ga gida, ya ji asali. An ce dattijon nan ya taɓa rushe wani aure don kawai an gano kakan yarinyar ya taɓa riƙe wa mai kalangu jaka a gidan suna.

Ana cikin wannan jira ne aka kawo gawa gidan.

Haka dai unguwa ta ɗauka. Da hantsi Ɗanlarai na ƙofar gida yana goge ƙafar kujera, sai ga ƙarti sun shigo lungu ɗauke da wani dogon baƙin akwati, suna nishi, ana ta "a hankali, a hankali". A bayansu ga wani akwatin. A bayan wannan kuma ga wani tsoho Kirista mai furfura yana share ido da hankici. Masu babur suka kauce suka kashe inji. Mai shayin bakin lungu ya miƙe tsaye. Wata tsohuwa ta fara salati tana tambaya wa ya rasu, kuma yaushe aka fara sa Musulmi a akwati, har biyu.

Ɗanlarai na shirin ce musu sun yi ɓatan kai, sai ya hango mai nuna musu hanya. Ɗansa ne na fari, Sabitu, baki har kunne.

Tsohon nan Baba Lazarus ne, mai shagon gyaran rediyo da lasifika a Fadaman Mada. Tun da Sabitu ya gama makaranta bai sami aiki ba, wurinsa yake yini, wai yana koyon gyara. Baba Lazarus ya tsufa a Bauchi, ya san kowane lungu, amma har yau harshensa bai yarda da wasu haruffan Hausa ba. Ƙofa a bakinsa kofa ce, ƙarfe karfe. Kuma ba ya rufe magana sai ya liƙa mata "o" a gindi, irin na mutanen Kudu.

"Malam, sannu o! Ina aiki o! Na kawo ma yaro kaya."

"Kayan me, Baba Lazarus? Wa ke ciki?"

Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya sa aka buɗe akwatin farko. Ga wasu farare da baƙaƙen haƙora a jere, fararen sun yi ruwan ɗorawa don tsufa. Na biyun kuma cike yake da wayoyi a ɗaure tamau a jikin wani ƙarfe mai siffar fiffike.

"Piyano ne o. Ba irin na roba da yara ke dannawa a biki ba. Wannan yana da waya na gaske, da guduma kanana a ciki. Ka danna, guduma ya bugi waya, lantarki ya kwashe ya kai lasifika. Lokacin da kasa yana da kudi na saye shi, ina saurayi, muna wasa a otal. Yanzu kafa ya gaji, zan koma gida. Yarinyana Juliana ya ce in na kai shi gidanta, ni da shi za mu kwana a waje." Ya sake share ido, ya dafa kafaɗar Sabitu, ya ɗaga murya don kowa ya shaida. "Duk Bauchi mutum daya ne ya isa ya gaje shi. Malam, yaronka ya iya rok o! Ya fi ni iya rok o!"

Mai shayi ya ajiye buta a hankali.

Ɗanlarai ya saki ƙafar kujerar da yake gogewa. Roƙo! A bainar jama'a, da rana tsaka, ana saura 'yan kwanaki Alhaji Hammawa ya zo. Kafin ya dawo cikin hayyacinsa, ƙartin sun shige da akwatunan ɗakin baƙi, sun kafa ƙafafu, sun ɗora wancan a kan wannan, sun karɓi ruwa sun sha sun tafi.

Ya tara iyali a tsakar gida. Bai kira sunan yaron ba, don ɗan fari ne, sai dai ya nuna shi da 'yar gudumar da ke hannunsa.

"Kai! Ni kafinta ne, ubana kafinta, kakana masassaƙi. Turmin da aka daka gero a sunan rabin unguwar nan daga gidanmu ya fito. Ba mu gaji roƙo ba. Ashe duk gyaran rediyon nan bin gidajen biki ake koya maka?"

"Baba, ba roƙo ya ce ba," in ji Sabitu. "Rok ya ce. Wani irin kiɗa ne na Turawa. 'O' ɗin tasa ce. Ko ruwa zai nema sai ya ce ruwa o."

"Ko ka yanke wa kare wutsiya, kare ne."

"Wallahi ba waƙa a ciki, ba kirari. Irin wanda muke yi ma sunansa furogiresib, wato mai ci gaba."

"Kin ji ko, A'i? Ba ma dainawa zai yi ba. Ci gaba zai yi."

A'i na tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. "Malam, kai da kake roƙo sau biyar a rana, har da na nafila, wa ya hana ka aure?"

"Wannan roƙon Allah ne!"

"To shi ma ka bari mu ji wa yake roƙa."

Maimuna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta shige ɗaki ta ja labule. Wannan labulen ya fi duk maganganun ƙona wa Ɗanlarai rai.

Kafin magariba labari ya gama Ƙofar Dumi. Ya je sayen ƙusa, mai shago ya tambaye shi ko yaron na zuwa suna, don matarsa ta kusa. Ya wuce wurin mai shayi aka yi masa guɗa da muryar maza. Kashegari da sassafe sai ga sanƙiran unguwa da kansa ya yi sallama, rai a ɓace, ya ce shi ba ya hana kowa neman abinci, amma daga masallaci zuwa bakin kwata yankinsa ne tun zamanin ubansa, in yaro zai shigo sana'a ya zo ya gaishe da manya.

Ɗanlarai ya nemi ƙartin su zo su fitar da abin. Suka aiko cewa bayansu bai warke ba tukuna. Ya gwada turawa shi kaɗai, piyano ko gezau, shi kuma ya yini yana tafiya kamar mai ruku'u. Ɗakin baƙi kuwa ɗaya ne a gidan, ba yadda za a yi a shimfiɗa wa Alhaji Hammawa tabarma a gaban murhu.

Sai dabarar kafinta ta zo masa. Ya haɗa firam ya sa madubi, ya kafa a saman abin. Ya lulluɓe shi da sabon zanen gado mai furanni har ƙasa, ya rufe haƙoran nan, don murfinsu ya ɓace tun a otal. A'i ta ba shi aron kwanonin samira na kayan ɗakin Maimuna, tana cije leɓe, ya jera a kai, da kwalaben turare. Ya cire wayar lasifika ya tura ta can cikin buhun masara. Ya ja baya ya duba. Durowar amarya ce sak, sai dai irin wadda aka yi wa amaryar da ta kai raƙumi tsawo.

"Ranar da zai zo," ya ce wa Sabitu, "kada in ga ƙeyarka a unguwar nan."

Alhaji Hammawa ya iso bayan azahar. Dogo ne siriri kamar sandar da ke hannunsa, ido kamar na shaho, murya ƙasa-ƙasa. Aka gaisa har gaisuwa ta gaji. Aka kawo waina da miyar taushe, ya ci guda biyu cikin kunya, sannan ya manta da kunyar ya ƙarasa sauran. Ya tambayi sunan uban Ɗanlarai, da na kakansa, da inda aka binne su, da abin da suka yi kafin a binne su. Ɗanlarai na amsawa, zufa na bin bayansa.

"Madalla," in ji Alhaji. "Sassaƙa sana'a ce ta mutunci. Akushi ma da muke shan nono ku ne." Ya ɗan yi sakace. "Sai dai da zan shigo na tsaya tambayar gida wurin mai shayi. Ya ce mini, 'Gidan maroƙa? Ga shi can.'"

"Barkwanci ne, Alhaji. Jikan Barebari ne, ka san halinsu da ku."

"Haka ne." Idonsa ya koma kan zanen gado mai furanni. "Wannan fa?"

"Durowa ce ta yarinya. Sabon yayi. Ni na haɗa."

"Allah ya sa albarka. Ɗakin da za ta shiga sai an rushe bango."

Ya yunƙura zai tashi ya wanke hannu, gwiwa ta ƙi, sai ya kai hannu ya dafa bakin durowar da dukkan nauyinsa. Abin da Ɗanlarai ya manta shi ne abin da Baba Lazarus ya faɗa tun ranar farko: wayoyin ciki na gaske ne. Ko ba lantarki, guduma ba ta san an ɓoye waya a buhun masara ba. Durowa ta yi wani gurnani daga can cikin cikinta, ƙasa-ƙasa, ta ja shi da tsawo, kwanonin samira suka amsa.

Alhaji ya janye hannu. Ya sake sa yatsa ɗaya ya danna wani wurin. Ta ce "tin".

"Malam Ɗanlarai, durowar taka tana magana."

Daga bayan labule aka ji wata dariya da aka yi ƙoƙarin mayar da ita tari.

Alhaji ya koma ya zauna, ya ɗora sanda a cinya. "Ni ba na yanke hukunci da maganar mai shayi. Saniya ma sai na ga tafiyarta nake saye. A kira yaron."

Ba a sha wahalar nemansa ba, yana zaure tun ɗazu yana leƙe. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe da baƙo. Alhaji ya ƙare masa kallo.

"An ce kana roƙo."

"Rok ne, Baffa."

"To, yi mini shi in ji."

Ɗanlarai ya ce ai ba waya, ta ɓace. Wani hannu ya fito ta gefen labule riƙe da ita, da ɓurɓushin masara a jiki. "Ga ta, Malam. Na tsince ta zan kai niƙa." Ya ce ai wuta ba tabbas. Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarki yana roƙon a ɗauke, roƙo na gaske, irin wanda ya gada. Wutar nan da kullum sai ta tafi ana tsakiyar tuwo, ranar ta zauna daram kamar an biya ta sadaki.

Sabitu ya yaye zanen gado, ya haɗa waya da lasifika, ya jawo kujera. Alhaji Hammawa kuwa ya gyara zama, ya baza babbar riga, ya taɓa hula, ya yi gyaran murya.

"Sunana Hammawa," ya ce, yana kallon rufi. "Ɗan Ardo Buba, jikan Ardo Sambo mai farin bijimi. In ka buƙata ke nan." Ya zura hannu a aljihu ya bar shi a can.

Ɗanlarai ya gane tarkon. Da yaro ya ambaci suna, hannu zai fito. Da yaro ya karɓa, auren Maimuna ya mutu. Sai dai yadda Alhaji ya kumbura ƙirji, kamar shi ma bai ƙi a ambata ɗin ba.

Sabitu ya sa hannu.

Da farko kamar yayyafi a kan kwano, ɗis, ɗis, nan da can. Muryar abin ba ta yi kama da komai da Ɗanlarai ya sani ba, rabi ƙararrawa, rabi ƙarfe, da wani amo da ke biyo baya yana rawa. Sai hannun hagu ya kama wata hanya can ƙasa yana maimaita abu ɗaya, hannun dama kuma ya tafi wani aiken dabam, kamar ba gidansu ɗaya ba. Alhaji ya fara buga ƙafa. Ya buga, ya buga, sai ƙafar ta sauka a wofi, kamar mai sauka daga bene ya tarar babu matakala. Ya sake kamawa, ta sake kuɓuce masa. Ya duba ƙafar tasa da zargi.

"Kiɗan na ɗingishi," ya ce.

"Bakwai-bakwai ake ƙirgawa, Baffa," in ji Sabitu, bai waiwayo ba. "Ba huɗu ba."

"Wa ya aike ka?"

Kiɗa ya yi sama. Kwanonin samira suka fara tafiya da kansu, madubi na karkarwa, wata kwalbar turare ta gangaro Ɗanlarai ya cafe. Yara suka cika taga. Alhaji ya karkato.

"Yaushe zai fara?"

"Ai ya fara, Alhaji."

"Ina nufin waƙar."

"Wai babu."

Can sai komai ya tsaya cak. Alhaji ya ce "Madalla", ya dafa sanda zai miƙe. Sabitu ya ɗaga yatsa ɗaya. "Shimfiɗa ce wannan, Baffa." Ya sake dirar wa haƙoran da hannu biyu. Sau uku ana yi wa dattijo haka. A na ukun ko motsi bai yi ba, ya riga ya daina yarda da shiru.

A wani wuri a tsakiya kiɗan ya yi sanyi, ya koma 'yan muryoyi kaɗan suna bin juna a hankali. Ɗanlarai, wanda tun ɗazu idonsa ke kan aljihun Alhaji, ya sami kansa yana kallon hannun ɗansa. Bai taɓa ganin yaron ya riƙe wani abu haka ba. Zarto in ya ba shi, kamar an ba shi maciji. Amma ga shi nan ya sunkuya, harshe a gefen baki, daidai yadda marigayi baban Ɗanlarai ke yi in yana fitar da bakin akushi. Ya ɗan matso kusa. Kafin ya gama kallo, yaron ya sake ɓarkewa da wani gudu kamar an saki awaki a kasuwa, abin ya wuce.

Inuwa ta tsallaka tsakar gida. Yaran taga suka gaji suka watse. Hannun Alhaji ya yi sanyi a aljihu, ya fitar ya miƙe yatsu ya mayar. Sai da ladan ya kira la'asar sannan Sabitu ya danna wani gungun haƙora ya riƙe, amon ya yi ta raguwa har ya mutu.

Ba wanda ya motsa, ana tsoron ko da saura.

"Ya ƙare?" in ji Alhaji.

"Ya ƙare, Baffa. Na gajarta ne saboda salla."

Alhaji ya zaro sabuwar takardar kuɗi ya miƙa masa. Ɗanlarai ya rufe ido. Sabitu ya dubi kuɗin, ya dubi dattijo, ya shafa aljihunsa.

"Canji kake nema, Baffa? Sai dai in karɓo wurin mai shayi."

Alhaji Hammawa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ninke takardar ya mayar, ya juya ga mai gida.

"Malam Ɗanlarai, an yi wa yaron nan ƙazafi, kuma an yi wa maroƙa ƙazafi. Na ga maroƙa iri-iri, na kore su iri-iri. Maroƙi ya san sunan mutum, ya san na ubansa, ya san inda ake tsayawa. Wannan na ba shi Ardo biyu da farin bijimi a hannu, ko sau ɗaya bai ce Hammawa ba." Da alama abin ya ɗan sosa masa rai. "Ko sau ɗaya. Bai roƙi kowa komai ba, kuma in dai wannan ne, ba mai ba shi komai har tashin kiyama. Gidanku gidan mutunci ne. A sa rana."

Aka ji guɗa daga bayan labule, ta gaske wannan karon.

"Da sharaɗi ɗaya," in ji Alhaji, yana neman takalmi. "Ranar biki a sa wa ɗakin nan kwaɗo, a ba ni mabuɗin."

Farin cikin Malam Ɗanlarai ya kai shi har masallaci, ya raka shi alwala, ya tsaya tare da shi a sahu. A raka'a ta uku ne maganar Alhaji ta dawo masa. Ba mai ba shi komai har tashin kiyama.

Ya dawo gida ya tarar da Sabitu da wata 'yar sifana yana ɗaure wayoyin ciki, yana danna haƙori ɗaya yana saurare.

"Kai. Wannan abin naka, akwai masu sauraronsa?"

"Akwai, Baba. A Bauchi mu biyu ne, ni da Baba Lazarus."

"Shi da zai tafi jibi."

"E."

Ɗanlarai ya fita tsakar gida ya zauna a kan turmi, ya zabga tagumi. Maimuna na ɗaki tana waya ƙasa-ƙasa tana dariya. A'i ta fito da kwanonin samira tana gogewa, ta gan shi.

"Me kuma, Malam? Ba an sa rana ba?"

"A'i," ya ce, ya rage murya kada mai shayi ya ji. "Ke yake jin maganarki. Yaron nan ba zai iya ɗan riƙa sa sunayen mutane a ciki ba? Ko kaɗan. Ni zan raka shi ya gaishe da sanƙira."